Daga sandar banila zuwa dajin Madagaska: wa ke cin arzikin tsibirin nan?

Hajiya Mai Kek (Kano): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani su warware min wani abu. Shekara tara ina sana'ar kek, kullum ruwan banila na kwalba nake saya a kasuwa. Makon jiya ƙawata ta dawo daga Dubai ta kawo min tsarabar wasu baƙaƙen sanduna sirara guda biyar, kamar kwanson wake da ya bushe, an rubuta Madagaska a jikin kwalbar. Ta ce wannan ita ce banilar asali. Da ta faɗa min kuɗinsu sai da na riƙe baki. Na tsaga ɗaya, na kankare baƙin garin da ke ciki na zuba a madara, wallahi ƙamshin ya kwana a kicin. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ƙasar da ke da abu mai tsada haka, me ya sa duk ranar da na ji sunanta a rediyo sai dai yunwa ko juyin mulki?

Injiniyan Noma (Maraɗi): Wa alaikumus salam Hajiya. Kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na yi wata bakwai a ƙasar kan aikin shinkafa, kuma kafin in dawo na leƙa yankin banilar, can arewa maso gabas. Sava suke ce masa, daga farkon sunayen garuruwa huɗu: Sambava, Antalaha, Vohemar da Andapa. Mafi yawan banilar asali da duniya ke ci daga nan take fitowa.

Bari in ba ki labarin sandar da kika tsaga. Banila yaɗo take yi, tana hawa jikin wata bishiya a inuwa. Asalinta daga Mekziko ne, kuma da aka kawo ta wannan yanki babu ƙwaron da ke mata barbara. Sai a 1841 wani yaro bawa ɗan shekara 12 a tsibirin Reyuniyon, Edmond Albius, ya gano yadda ake yi da hannu, kuma dabararsa ake bi har yau. Furen safiya ɗaya yake buɗewa, in rana ta take ya yi yaushi, shi ke nan. Na tsaya a bayan wata dattijuwa tana wannan aiki. Ƙaya ce a hannunta, kamar tsinken sakace. Ta riƙe furen da hagu, ta ɗaga wani ɗan marfi a cikinsa da ƙayar, ta matse da babban yatsa, ta wuce na gaba, ko ɗago kai ba ta yi. Fure ɗaya, sanda ɗaya. Daga nan sai a jira wata tara kafin a cire. A tsoma a ruwan zafi, a naɗe a bargo ta yi gumi, a riƙa shanyawa ana kwashewa makonni, sannan a rufe a akwati watanni. Kilo biyar zuwa shida na ɗanya ke ba da kilo ɗaya na irin wadda ke hannunki.

Ta kwalba kuwa, Hajiya, kusan dukkanta a masana'anta ake haɗa ta, ba ta taɓa ganin gona ba.

Hajiya Mai Kek (Kano): Ikon Allah. To ai manoman nan sun ci kuɗinsu halak malak. Ina kuɗin suke zuwa?

Injiniyan Noma (Maraɗi): Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manomi ɗanya yake sayarwa, don ba shi da halin ajiye ta wata shida. Ɗan kwamisho ya saya a ƙauye, ya kai wa mai tarawa, shi kuma ya kai wa mai fitarwa waje, kowa na yankar nasa. A watan Maris na 2017 guguwar Enawo ta afka wa Sava, kilo ya tashi har wajen dala 600, ya zarce azurfa. An ga kuɗi a lokacin, babura da kwanon rufi sun cika ƙauyuka. Amma da kuɗin ya zo, ɓarawo ya biyo shi. Manoma suka koma kwana a gona da adda, ɓarayin da aka kama da yawa ba su kai ofishin jandarma da rai ba. Don tsoron sata wasu suka riƙa cirewa tun ba ta nuna ba, inganci ya faɗi. Sai kowa ya riƙa yi wa sandunansa lamba tun suna jikin yaɗo, da ɗan hatimi mai allurai, kamar yadda ake yi wa saniya shaida. Daga baya kasuwa ta karye. Gwamnati ta ƙayyade dala 250 kan kowane kilo a 2020, ta ce kada a fitar ƙasa da haka, masu saye suka ja baya, kaya suka taru a ɗakunan ajiya, a 2023 ta janye dokar, farashi ya zube ƙasa warwas.

Ɗan Ƙwallo (Kaduna): Ni dai abin da na sani game da Madagaska ɗaya ne, 30 ga Yuni 2019 a Iskandariyya, sun ci Super Eagles 2 da nema, kuma zuwansu na farko ke nan gasar kofin Afirka. Ranar na fara neman ƙasar a taswira. Kuma ɗan ƙasarsu ne, Ahmad Ahmad, ya kayar da Isa Hayatu a shugabancin CAF a 2017.

Malamin Jogirafi (Zariya): Ɗan Ƙwallo, ko sunan ƙungiyar tasu, Barea, sunan wasu shanun dawa ne na ƙasar. Ga wanda bai nemo ta a taswira ba: tsibiri ne a tekun Indiya, daura da Mozambik, ratar ruwan da ke tsakani wajen kilomita 400. Shi ne na huɗu a girma a duniya. Faɗinsa murabba'in kilomita dubu 587, ya haura rabin Najeriya da kyau, tsawonsa daga arewa zuwa kudu kusan kilomita 1,600. Mutanensa sun haura miliyan 30.

Abin da ke ba ɗalibaina mamaki kullum shi ne harshensu. Ga su a ƙofar Afirka, amma ɗan'uwan Malagasi mafi kusa yana kudancin tsibirin Borniyo a Indunisiya, harshen Ma'anyan. Kakanninsu sun ratsa dubban kilomita na teku a kwale-kwale fiye da shekara dubu da suka wuce, da shinkafarsu da kayan kiɗansu, suka cakuɗa da mutanen gabashin Afirka. Kalmar shinkafa da lissafi daga can gabas, kalmar saniya, omby, da ta kaza, akoho, daga harsunan Bantu.

Almajirin Ajami (Katsina): Malam, ka bar kashi na uku. Ku saurari ranakun makonsu: Alahady, Alatsinainy, Talata, Alarobia, Alakamisy, Zoma, Asabotsy. Wa ke buƙatar tafinta? Rijiyar da muka sha suka sha, ta Larabci. A kudu maso gabas akwai ƙabilar Antemoro, su ne suka fara rubuta Malagasi, da baƙaƙen Larabci, rubutun da ake kira sorabe, wato ajaminsu. Har takardarsu suke yi da ɓawon itace. Sai a zamanin sarki Radama na ɗaya, cikin shekarun 1820, mishan na Birtaniya suka kawo boko ya danne shi. Bugun ƙasa ma suna da shi, sikidy, da ƙwayoyin itace suke yi maimakon yashi.

Injiniyan Noma (Maraɗi): Gaskiya ne Malam. Ranar da na fara jin an ce Talata a tashar mota, juyawa na yi ina neman Bahaushen da ya yi magana. Kuma akwai Musulmi, sun fi yawa a gaɓar arewa da arewa maso yamma. Na yi Juma'a a Mahajanga, masallaci cike. Abinci kuwa shinkafa ce safe, rana, dare. In an kwashe, sai a zuba ruwa a kan ƙanzon a tafasa, wannan jan ruwan shi ake sha a bayan abinci, ranon'ampango. Da farko na ɗauka talauci ne, ashe har gidan masu hali shi ake kawowa, kuma ya fi ruwan rijiya aminci tunda ya tafasa.

Likitar Dabbobi (Jos): Kuna ta banila da shinkafa, kun bar babban abin da Allah ya keɓe wa tsibirin nan. Masana ƙasa sun ce ya rabu da Indiya shekara miliyan 88 da suka wuce, da Afirka kuwa tun kafin nan, halittunsa suka zauna su kaɗai. Babu zaki, babu giwa, babu raƙumin dawa, babu ma biri irin namu. A maimakonsu akwai lemur, dangin biri na nesa, iri fiye da ɗari, kuma asalinsu duka nan ne. Akwai indri, babbansu, kukansa kamar waƙa, ana jin sa daga nisan kilomita biyu. Akwai wani a dajin Menabe da nauyinsa bai wuce giram 30 ba, zai zauna a tafin hannun yaro. Kusan rabin nau'in hawainiyar duniya suna can, har da wadda aka bayyana a 2021, namijinta zai zauna a kan farce. A da akwai tsuntsun da ƙwansa ɗaya ya kai na kaza 150, ya ƙare. Akwai wani ɗan fure mai ruwan hoda da aka samo magunguna biyu daga jikinsa, binkiristin da binbilastin, da su ake jinyar sankarar jini ta yara a asibitocin duniya, har namu.

Abin baƙin cikin: ƙididdigar IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta 2020 ta nuna kashi 98 cikin ɗari na nau'in lemur suna cikin haɗarin ƙarewa. Binciken da aka wallafa a 2018 ya ce ƙasar ta rasa kashi 44 cikin ɗari na dajinta tsakanin 1953 da 2014. Kuma sai an faɗi gaskiya, mutanen ƙasar ne da hannunsu. Su sare daji su cinna wuta su shuka shinkafar tudu, tavy suke ce masa, bayan shekara biyu ƙasa ta gaji su matsa gaba. Ga gawayi. In ba a sa doka mai tsanani ba, jikokinsu a hoto za su ga lemur.

Baba Ɗan Fansho (Sakkwato): 'Yata Likita, biri ne damuwarmu ko ɗan Adam? Ni abin da ke ba ni haushi da Turawan nan ke nan. A zuba miliyoyi don kunkuru, yaro na mutuwa da yunwa a gefe.

Likitar Dabbobi (Jos): Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ba haka nake nufi ba. Dajin nan shi ke riƙe ruwan da ke shayar da fadamar shinkafa. In aka sare shi, damina ta wanke jar ƙasa ta cika fadama da yashi. Kogin Betsiboka ja wur yake shiga teku, har daga sararin samaniya ana ɗaukar hotonsa. Yaron da kake tausayi shi zai fara shan wahalar.

Injiniyan Noma (Maraɗi): Likita, kan illar sare daji ba mu da saɓani. Na ji kukan indri da kunnena a Andasibe da sanyin safiya, tsikar jikina ta tashi, mai rakiyarmu ma da ya saba sai da ya yi shiru. Inda muka rabu shi ne kalmar nan taki, da hannunsu. Hannu nasu ne, amma wa ya tura hannun?

A hanyar dawowa na ga buhunan gawayi jere a bakin titi, an toshe bakinsu da ciyawa. Muka tsaya direba zai saya. Mai gawayin yaro ne, bai fi shekara goma sha biyar ba, ƙafa babu takalmi, fuska baƙi ƙirin da toka. Kuɗin da aka miƙa masa ba zai ciyar da gida kwana biyu ba, buhun kuwa in ya shiga Antananarivo, babban birnin ƙasar, ya ninka. Birnin nan kaf da gawayi yake girki, domin gas ya fi ƙarfin talaka, masu lantarki a ƙasar kuma ba su kai rabi ba. In ka kama yaron nan ka ɗaure, gobe ƙaninsa zai ɗauki gatarin, tunda tukunyar birni ba ta daina tafasa ba.

Na biyu, dajin Menabe da kika ambata. Masu ƙona shi da yawa mutanen kudu ne da fari ya koro, kuma ba gonar kansu suke yi ba. Manyan gari ke biyan su ladan sara, a shuka masara da gyaɗa, manyan motoci su zo su kwashe. Ɗan ƙwadago ake kamawa, mai motar yana gida.

Na uku, katako. Bayan juyin mulkin 2009 aka buɗe ƙofa, aka shiga gandun Masoala da Marojejy ana sare jan katakon nan mai tsada, ana jan gungume da igiya zuwa kogi, jiragen ruwa na kwashewa zuwa Sin a yi gadaje da kujerun alfarma. Har UNESCO ta saka dazuzzukan cikin jerin masu haɗari a 2010. Talakan da ya ja gungumen kuɗin abinci ya samu. Su wa suka sa hannu a takardun tashar jirgi?

Ɗan Jalingo: Injiniya kamar a Taraba kake. Haka aka yi mana da madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid. Shekaru kaɗan aka share duwatsun nan, tirela bayan tirela zuwa Legas, daga can sai Sin. Samarin ƙauye suka samu kuɗin babur, yau babu itacen babu babur ɗin.

Likitar Dabbobi (Jos): Na karɓi maganar katako da gyaɗa, ban san ta Menabe haka ba. Amma kada mu wanke kowa tas. A Afrilun 2018 an samu kunkuru kusan dubu goma a gida ɗaya a Toliara, an tara za a fitar waje. Mutanen yankin ne suka tsinto su ɗaya bayan ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Injiniyan Noma (Maraɗi): Haka ne. Sai dai ki ƙara da wannan: ƙabilun Antandroy da Mahafaly, masu asalin wurin, kunkurun nan fady ne a wurinsu, wato abin da kakanni suka hana, ko taɓa shi ba sa so. Haka indri a gabas, babakoto suke kiransa, suna ganin kamar kakansu ne, ba a kashe shi. Ɗaruruwan shekaru wannan hani ne ya tsare dabbobin, babu ɗan sandan daji ko ɗaya. Yunwa da baƙin da ba su san hanin ba su suka karya shi.

Uwar Biyu (Kumasi): Ni hoton kukokinsu na gani, dogaye santala-santala kamar ginshiƙai, ba irin tamu mai tumbi ba. Kuka ce dai ta miya?

Malamin Jogirafi (Zariya): 'Yan'uwa ne, Hajiya. Kuka iri takwas ce a duniya: shida a Madagaska kaɗai, ɗaya a Ostireliya, ɗaya tamu. Wani bincike na 2024 ma ya ce daga tsibirin dangin duka suka taso. Waɗanda kika gani suna kusa da Morondava, wasu sun kai mita 30, sunansu renala, uwar daji. Kuma tsayuwar da suka yi su kaɗai a fili ba haka Allah ya shuka su ba, daji ne ya kewaye su, aka sare aka yi gonaki aka bar su. A ƙasar Mahafaly kuwa, inda ruwa ke wuya, rarake cikin kukar suke yi ta zama randa, su cika ta da damina su sha da rani, kowane gida da tasa.

Makiyayi (Gusau): Injiniya, an ce min suna da ɓarayin shanu irin namu. Da gaske ne?

Injiniyan Noma (Maraɗi): Da gaske, ɗan'uwa, dahalo sunansu. Shanunsu masu tozo ne kamar namu, kuma su ne banki, su ne sadaki, su ne mutunci. A ƙabilar Bara, a da saurayi sai ya sato sa ɗaya ko biyu kafin a yarda ya isa aure. Wasan jarumta ne, dattawa na sasantawa. Da bindigogin yaƙi suka shigo, da dillalan da ke wanke takardun shanun sata su kai mahauta, sai ya zama gungun mutum ɗari su afka wa ƙauye, su kore garke, su ƙona gidaje. A 2012 sunan wani jagoransu, Remenabila, ya cika ƙasar, gwamnati ta tura soja, aka yi ta kuka cewa sojan ma sun ƙona ƙauyukan da ba su ji ba su gani ba. Daga baya aka yi sulhu da wasu, aka kira su dahalo niova fo, waɗanda suka sauya zuciya.

Makiyayi (Gusau): Innalillahi. Tubabbu ke nan. Ka cire sunayen kawai, labarinmu ne. Mu ma daga satar shanu aka fara, kuma har yau ba a faɗa mana wa ke sayen shanun ba.

Ustaz (Gwambe): Akwai abin da na karanta ya tayar min da hankali, wai suna tono matattunsu su yi rawa da su. In haka ne, ai dole albarka ta yi ƙaranci. Wannan ba abin sha'awa ba ne.

Malamin Jogirafi (Zariya): Famadihana ke nan, Ustaz. Ba duk ƙasar ke yi ba, al'adar mutanen tsaunukan tsakiya ce, Merina da Betsileo. Kushewarsu ɗaki ne na dutse na dangi guda. Bayan shekara biyar zuwa bakwai, a lokacin sanyinsu tsakanin Yuli da Satumba, sai a buɗe, a fito da ƙasusuwa, a ƙara musu sabon likkafani, a zaga da su da kiɗa, a mayar. Musulminsu ba sa yi, wasu coci-coci ma sun hana.

Uwar Biyu (Kumasi): Ustaz, a addininmu haramun ne, babu mai jayayya, kuma babu wanda ya ce a kwaikwaya. Amma ɗora talaucinsu a kan wannan, ban yarda ba. Mu da muke binne namu yadda shari'a ta ce, talaucin ya bar mu? Ƙasashe nawa ne ke ƙona gawa kuma suna ba mu bashi?

Ustaz (Gwambe): Hajiya kin yi magana. Arzikin duniya Allah na ba wanda ya so. Na janye haɗa shi da talauci, amma ƙyamar aikin tana nan.

Injiniyan Noma (Maraɗi): Ni ma da aka gayyace ni ban je ba, na ba da uzuri, suka karɓa ba tare da ɓacin rai ba. Abin da abokin aikina ya faɗa min shi ne, ranar ce kaɗai dangi na birni da na ƙauye ke haɗuwa kaf, a san juna, a kashe rigimar gona. Suna da kalma, fihavanana, na rasa fassararta sai zumunci. Matasansu dai na ƙorafin kuɗin da bikin ke ci. Wanda na halarta neman aure ne. Kowane ɓangare ya ɗauko gwanin magana, kabary suke kiran fasahar, aka yi fiye da awa ana jifan juna da karin magana kafin a miƙa abin da suke kira vodiondry, wato gindin tunkiya, wanda yanzu kuɗi ne a ambulan. Ban ji harshen ba, amma na gane wurin, kamar wakilan ango da waliyyai a zauren gidanmu.

Baba Ɗan Fansho (Sakkwato): To har yanzu ba a ba Hajiya amsa ba. Ƙasa ba ta yi yaƙin basasa ba, ga banila, ga kanumfari, na ji har ma'adinai. Ina matsalar?

Malamin Jogirafi (Zariya): Ranka ya daɗe, ma'adinai kam akwai. Nikel da kobal a Ambatovy, inda aka shimfiɗa bututu mai kilomita 220 zuwa tashar Toamasina. Baƙin yashi mai titaniyam a Tolagnaro. Safaya, dutsen ado mai tsada, a Ilakaka, wadda tun 1998 ta mayar da ƙauye gari. Duk da haka Bankin Duniya ya ce a 2022 mutum uku cikin huɗu na cikin talauci, kuma abin da ɗan ƙasa ke samu yau bai kai na lokacin samun 'yanci a 1960 ba.

A ganina abu biyu ne. Faransa ta kama ƙasar a ƙarshen ƙarni na 19, ta kori sarauniya Ranavalona ta uku zuwa Aljeriya inda ta rasu a 1917, ta murƙushe boren 1947 da kisan dubun dubatar mutane, ta bar tattalin arzikin da aka gina don a kwashi ɗanyen kaya a kai tashar jirgi. Sai a Agustan 2025 ta mayar da ƙoƙon kan da ake kyautata zaton na sarki Toera ne, wanda sojanta suka kashe a 1897. Na biyu, 'yan ƙasar da suka gaji kujerar ba su rushe tsarin ba, shiga cikinsa suka yi. Duk lokacin da ƙasa ta fara miƙewa sai rikicin manya ya mayar da ita: 1972, 1991, 2002, 2009. Kafin na 2009, gwamnatin shugaba Marc Ravalomanana ta shirya ba kamfanin Daewoo na Koriya hayar hekta miliyan 1.3 na shekara 99, a ƙasar da manomi ke ganin gonar kakanni kamar ransa. Bayan juyin kuma Amurka ta cire su daga AGOA, tsarinta na shigar da kayan Afirka ba haraji, masaƙu suka rufe, dubban mata suka rasa aiki.

Ɗan Ƙwallo (Kaduna): Ba shugabansu ne ya aiko mana maganin korona ba?

Likitar Dabbobi (Jos): Shi ne, Andry Rajoelina, a 2020. Ruwan tazargade ne a kwalba, Covid-Organics. Shugaban Gini Bisau ya kawo wa Buhari a watan Mayu, Nijar ma ta karɓa. Cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta gwada, ta ce ba ta ga shaidar yana warkar da korona ba. Ganyen kansa na da amfani, daga irinsa ake ciro maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma suna noma shi sosai. Shekara guda bayan wannan tallar, a 2021, mutum fiye da miliyan ɗaya a kudancin ƙasar suka shiga yunwar da suke kira kere, ana cin 'ya'yan ƙaya da fara, jar iska na binne gonaki.

Injiniyan Noma (Maraɗi): Kuma ruwa da wuta ne suka kayar da shi. Ranar 25 ga Satumba 2025 matasa suka fito a Antananarivo saboda famfo ba ruwa, lantarki na ɗaukewa sa'o'i da yawa kullum. An kashe mutane. Rundunar soja ta CAPSAT, wadda ta fara ɗora shi kan mulki a 2009, ita ta juya masa baya, ya bar ƙasar, Kanar Michael Randrianirina ya yi rantsuwa ranar 17 ga Oktoba. Na tuna layin jarkokin nan rawaya a bakin famfon unguwa tun kafin asuba, mata na ajiye jarka ta riƙe musu layi su koma gida su dawo. Duk wanda ya ga layin nan bai yi mamaki ba.

Baba Ɗan Fansho (Sakkwato): Allah ya sa sojan su bambanta da na baya. Mu dai mun ga irinsu da yawa.

Likitar Dabbobi (Jos): Injiniya, tambaya ta ƙarshe. In ba kama mai gatari ba, me za a yi? Lemur ɗin ba zai jira a gyara siyasa ba.

Injiniyan Noma (Maraɗi): Ki duba Anja, kusa da Ambalavao. Ɗan ƙaramin daji ne a gindin duwatsu, mutanen ƙauyen da kansu suka killace shi wajen shekara ta 2000. Su ne masu rakiya, su ke karɓar kuɗin shiga, kuɗin na zuwa makaranta da ayyukan gari. Lemur mai zoben wutsiya ya yawaita har yana zama a kan dutse kusa da kai yana shan hantsi, hannuwa a buɗe. Babu mai harbinsa, domin kowa ya san abincin gidansa ne ke tsalle a bishiya. Sannan shinkafa: a ƙasar nan aka ƙirƙiro dabarar dasa tsiro ɗaya tun yana ƙarami, da tazara, ba tare da nutsar da gona kullum ba. Wani fada Bafaranshe, Henri de Laulanié, ya haɗa ta da manoma a farkon shekarun 1980. Ta zaga Asiya, ta zo har fadamunmu, amma a gidanta manoma da yawa ba su iya bi ba, don tana son ciyayi akai-akai da ikon sarrafa ruwa, talaka kuwa a daidai lokacin yana gonar wani yana ƙwadagon abin da za a ci da dare. A gyara masa madatsar ruwa, a ba shi bashin da zai kai shi kaka, fadama ta ninka, hawan dutse da gatari zai ragu. Ita ma banilar, inuwa take so, mai ita ba ya sare bishiya in farashi ya tsaya wuri ɗaya.

Hajiya Mai Kek (Kano): Jama'a na gode, Allah ya ƙara sani. Injiniya, maganar hatimin nan ta sa na tashi na ɗauko kwalbar na haska da fitilar waya. Biyu daga cikin huɗun da suka rage suna da wasu ɗige-ɗige a jere kusa da gindi, kamar an tsattsaga da allura. Da na ɗauka ƙwari ne suka ci, har na so in yanke wurin.

Injiniyan Noma (Maraɗi): Kada ki yanke, Hajiya, lambar mai gonar ce. Kwanson da kika kankare ma kada ki zubar, ki tura shi cikin gwangwanin sukari ki rufe, bayan mako biyu ki buɗe.